Inda Nauyi Ya Sauka

Kwana uku ina zana ta a kan allon gilashi,
mai tallar nonon da ke ratsa Ƙofar Sauri da hantsi.
Na ja wuyanta ya yi tsawo kamar na zalɓe,
na ba ta tafin hannu da ya fi faifai faɗi,
idanu kuwa ɗigo biyu, ban ƙara komai ba.
Da gangan na yi,
kuma ina son a san da gangan na yi.

Abokai suka ce, "Kai, ka ƙure maleji!"
Yabo irin alewar da kan narke tun ba ta kai maƙogwaro ba.

Sai na kai wa Baba Rabe,
wanda ya shekara talatin yana zana zaki da ɗawisu
a bayan manyan motoci, can wajen Ƙofar Guga.
Ya goge hannu a gaban riga, bai taɓa allon ba,
ya ce in riƙe, in ɗan ja baya.
Ya yi shiru har shayinsa ya huce.

"Wuyan nan naka ne, ba ni da ja.
Hannun ma na ji abin da kake faɗa da shi.
Amma yaro, ƙwaryar nan babu nono a ciki."

Na ce akwai, ga shi nan fari tas.

"Fari na gani. Nauyi nake tambaya.
Wadda ta ɗauko kaya tun daga Batagarawa
ba ta tsayuwar sandar rake.
Ƙugu ɗaya kan karɓa, ɗayan ya huta.
Taka shawagi take, ƙafarta ba ta san ƙasa ba."

Na ce salo ne.
Ya ce, "Salo shi ne ƙaryar da ka zaɓa ido buɗe.
Wannan ba kai ka zaɓe ta ba, tsintar ka ta yi."

Na taho ko sallamar kirki ban yi ba.
A cikin 'yar ƙurƙura ina ta wasa amsoshi,
irin waɗanda ba sa zuwa sai an bar wurin:
me tsoho mai fentin gwangwani ya sani
game da alƙalamin da ba ya shan tawada?

Da magariba aka ɗauke wuta.
Inna ta ratsa tsakar gida da bokitin ruwa a ka.
Kafaɗa ta karkata, ƙugun hagu ya turo,
yatsun ƙafa suka baje suka kama siminti.
Shekara ashirin ina ganin wannan,
ban taɓa kallonsa ba.

Caji saura tara.
Na bar wuyan yadda yake,
na karya layin gadon baya, na nutsar da diddige.
Ƙwarya ta cika ban ƙara mata ko ɗigo ba.
Allon ya mutu kafin in adana.
Washegari na sake daga farko, hannu bai manta ba.

Jiya Hurera, ƙanwar Mannir, ta miƙo mini waya:
ɗan dambe ne, da yatsa ta zana shi,
ƙirji kamar ƙofar zaure, kai kamar ƙwallon goriba.
Ta tsaya tana kallon bakina.
Kuskure bakwai na ƙirga, harshena yana ƙaiƙayi,
sai na tuna da shayin nan da ya huce.

Na ce, "Wanne kika yi da gangan?"
Ta nuna ƙanƙanen kan.
Na ce, "To, kar ki bari kowa ya taɓa shi."
Cikin bakwai na ɗauki ɗaya, na binne shida:
"Hannun da zai kai naushi, daga ina ya taso?
Ban ga kafaɗar ta san da zancen ba."

Ta ɓata rai. Ta ce salo ne.
Ta fizge wayar, ta fita babu sallama.

Na daɗe ina dariya ni kaɗai a shago.
Har yau ban koma Ƙofar Guga ba.
Gobe zan sayi ganyen shayi da sukari,
in tafi da allon, in riƙe, in ɗan ja baya.